Muryar Inna 'Yardada

Unguwar Kabara,
Birnin Kano.
27 ga Oktoba, 2024.

Zuwa ga yayana, Yaya Salihu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti Lauratu da yaran nan biyu da har yau ban taɓa ɗaukar su a hannuna ba. Allah Ya ƙara muku lafiya, Ya sanya albarka a nema, Ya tsare ka a kan dogayen benayen Libreville da kake hawa kullum, amin.

Mu a nan sai godiyar Allah. Jikin Baba ya yi sauƙi fiye da yadda ka gani a hoton sallah. Ɓarin da ya shanye ya fara motsi, har yana dogara sanda ya fito zaure da hantsi, sai dai maganar ce har yanzu take yi masa nauyi, kalma ɗaya sai ya daɗe yana nemanta. Umma tana nan da ciwon gwiwarta, amma ba ta yarda kowa ya dama wa Baba kunu sai ita. Maigidana Aminu lafiya lau, 'yarmu Yusra kuma ta shiga aji ɗaya a bana. Damina ta janye, an fara ganin sabon gero a kasuwa.

Za ka yi mamakin ganin takarda daga wurina, tunda kusan kowane mako muna jin muryar juna a waya. Na gwada, Yaya. Sau uku ina fara yi maka saƙon murya, sai in ji muryar aiki ce take fitowa, wadda nake karanta labarai da ita, wadda ba ta rawa ko me ya faru. Ni kuwa ba da ita nake son yi maka wannan maganar ba. Da na ji Alhaji Muttaka zai koma Gabon ranar Alhamis, sai na nemi biro.

Ka san shekara bakwai ke nan ina gidan rediyon nan, ka kuma san shirina na ranar Laraba, Daga Lungu, wanda nake shiga gidaje in ji halin da mutane suke ciki. Abin da ban taɓa yi maka cikakken bayaninsa ba shi ne ƙungiyarmu. Shekara uku da suka wuce na yi rahoto a kan wata mata da katangar gidanta ta zube da damina. Mutane suka yi ta bugo waya suna tausaya mata, ni ma na koma gida ina jin na yi aiki. Da shekara ta zagayo na bi ta lungun, sai na tarar da ita ta ɗinke buhuna ta rataya a inda katangar take. Ta gane ni, ta ce ta ji kanta a rediyo, ta gode. Tun daga ranar raina bai ƙara kwanciya da rahoto shi kaɗai ba. Na nemi Dije, ƙawata ta makaranta wadda take koyarwa yanzu, da wasu 'yan unguwa maza da mata, muka kafa Ƙungiyar Maƙwabta, suka ɗora ni shugaba. Kafin ruwa ya sauka muna zagaya lunguna mu duba ɗakunan da suka tsage, mu nemi taimakon 'yan kasuwa, matasa su yi aikin. Muna kuma rubuta takardu a kan magudanan ruwa da suka toshe, da kududdufan da aka cike aka yi gini a kansu, ruwa ya rasa inda zai tafi sai cikin gidajen talakawa.

Tun farko na san riƙe abu biyun nan da wuya. Akwai wani jami'i da na titsiye da tambayoyi a situdiyo ranar Laraba, har gumi ya karyo masa, ranar Litinin kuma ga ni zaune a kan benci a ƙofar ofishinsa da takardar roƙo a hannu. Da ya fito ya gan ni sai ya yi murmushi, ya tambaye ni yau wacce ce ta zo, mai tambaya ko mai roƙo. Na yi dariya a lokacin, amma maganar ta zauna mini. Duk da haka na ci gaba, ina gaya wa kaina ai duk hanya ɗaya ce, taimakon mutane.

To, ka tuna Inna 'Yardada ta Dukawuya, mai murza taliya? Wadda Baba ya gina wa ɗaki shekarar da ka gama sakandare, kai kake miƙa masa tubali, ita kuma tana ajiye maka taliya da manja a ƙaramin kwano? A watan Agusta an yi kwana uku ana ruwa ba ƙaƙƙautawa, rana ta uku da la'asar rufin ɗakin ya rufto. Allah Ya kiyaye, ta fito tsakar gida tarar ruwa a bokiti. Amma injin taliyar da buhun fulawa da gadonta duk ƙasa ta danne su.

Washegari na je a matsayin shugabar ƙungiya, sai dai rikoda tana cikin jakata, don ba na rabuwa da ita. Na same ta a ɗakin maƙwabciyarta, ta riƙe hannuna tana cewa 'yar Malam ce ta zo. Na ce mata zan ɗauki maganarta, ta ce in ɗauka mana. Yanzu na san ba ta fahimci abin da nake nufi ba, kuma ban tsaya na fahimtar da ita ba. Ta yi mini magana kamar yadda uwa take yi wa 'yarta. Ta ce kwana biyu koko kawai ta sha. Ta ce wata uku ke nan ɗanta Hashim, tela, bai kawo mata cefane ba. Sannan ta ce ba laifinsa ba ne, babur ne ya buge shi ya karya masa ƙafa a wuri biyu, yana kwance ba ya iya taka keken ɗinki, kuma duk da haka matarsa takan aiko mata da rabin abin da suka dafa in sun samu.

Yaya, wannan ƙarshen maganar shi na yanke. Da nake haɗa shirin na ga na wuce lokaci da rabin minti, dole in rage wani abu. Da akwai wurare da yawa da zan iya ragewa. Na zaɓi wannan. Na gaya wa kaina saboda lokaci ne, amma gaskiyar ita ce na san labarin tsohuwar da ba ta da kowa ya fi taɓa zuciya, kuma ina buƙatar zukata su taɓu don a kawo siminti. Na saka shi da sunanta da unguwarta da muryarta.

Kuma ya yi aiki. Kafin a rufe shirin layukan waya sun cika. Cikin kwana biyu an kawo siminti da kwanon rufi da shinkafa, wata Hajiya daga Sheshe ta aiko da sabon injin taliya. A wurin aiki aka yi ta yaba mini. Amma cikin masu bugo wayar akwai waɗanda ba su tsaya ga tausayi ba, suka yi ta Allah wadai da ɗan da ya bar uwarsa da yunwa, wani har ya yi masa mummunar addu'a a kan iska. Na katse shi, amma duk birni ya riga ya ji.

Bayan kwana goma, ranar Juma'a da aka sauko daga masallaci, Aminu ya shigo ya ce ina da baƙo a zaure. Na sa mayafi na fita, sai na ga mutum a zaune ya miƙe ƙafa ɗaya, sandar guragu a jingine da bango. Hashim ne. Daga Dukawuya ya hau adaidaita, ragowar lungun kuma ya ja ƙafarsa. Na shirya jin zagi, wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Sai ya gaishe ni da ladabi, ya tambayi jikin Baba. Ya ce ba rigima ta kawo shi ba. Ya ce a layin teloli an daina amsa sallamar da yake aikawa, 'yarsa ta dawo daga Islamiyya tana kuka, surukinsa ya aiko a tambaye shi ko haka yake. Duk wannan, in ji shi, zai iya ɗauka. Abu ɗaya yake son sani: shin Inna ba ta faɗi komai a kansa ba bayan wannan? Na kasa ɗaga kai. Na ce ta faɗa, ta ce ba laifinsa ba ne, ta faɗi karayar, ta faɗi abincin da matarsa take aikowa, ni ce na cire. Sai ya ce to alhamdulillahi, dama kwana goman nan ya kasa zuwa ya gaishe ta ne don yana zaton ita ce ba ta faɗa ba. Ya yi mini godiya, Yaya. Aminu ya kama shi ya tashi, ya raka shi bakin titi.

Da gari ya waye na tafi Dukawuya. Na tarar Inna ta sa an kwashe simintin da kwanon da shinkafar an jibge a waje, ta ce a mayar wa masu shi. Na shiga, tana kwance ta juya fuskarta bango. Na gaishe ta ta amsa, don ba ta iya ƙin amsa gaisuwa. Abin da ta ƙara kawai shi ne ita ta zaci da 'yar Malam take magana, ba ta san da duniya take yi ba.

Ni da kaina na ɗauki cikakkiyar hirar na kai wa manajanmu, Malam Abdulhakeem. Mutum ne mai haƙuri, shi ya koya mini aikin nan tun ina rawar murya a gaban makirufo. Ya saurara har ƙarshe, ya kashe, ya ce shi a saninsa Bahijja 'yar jarida ba za ta yanke wannan wurin ba, shugabar ƙungiya mai neman siminti ce ta yanke. Ya ce ya daɗe yana ganin haka na zuwa, ya yi shiru ne don ya san niyyata. Amma mai sauraro in ya fara zargin ana juya masa labari don a karɓi wani abu a hannunsa, ko da don alheri ne, ba zai ƙara yarda da mu ba, kuma ranar da za mu faɗi gaskiya a kan magudanan ruwa sai a ce ai masu ƙungiya ne. Ya ba ni zuwa ƙarshen wata in zaɓa, ko shirin ko shugabancin.

A makonnin nan ne na yi kewarka irin wadda ban taɓa yi ba tun da ka tafi, shekara goma sha ɗaya ke nan. Aminu ya ce duk wanda na zaɓa yana bayana, kuma na san da gaske yake, amma ni ba goyon baya nake nema ba, wanda zai yi mini faɗa nake nema. Na je wurin Baba na zauna kusa da shi na faɗa masa komai. Ya ji, idonsa ya kawo ruwa, ya yi ta ƙoƙarin haɗa magana, ta ƙi haɗuwa, har ya gaji ya dafa kaina kawai. Na fito na tsaya a soron da kake kwana a da, wanda Umma ta mayar wurin ajiye gawayi. Na tuna lokacin da dangi suka taso a kan wai 'ya mace ba ta aikin jarida, kai ka goya ni a babur ɗinka ka kai ni na karɓo fom, da hannunka duk busasshiyar ƙasa. A hanyar dawowa ka ce mini kai ba ka san komai a kan aikin ba, amma in zan yi, in yi shi yadda Baba yake gini, kada in rufe tsaga da yaɓe don mai gida ya ji daɗi. Da kana nan na san da ka kalle ni sau ɗaya ya isa. Na ɗauki waya zan kira ka, sai na tuna ƙila kana can saman bene, kuma kunya ta hana ni.

Ga abin da na yi. Na koma wurin Hashim na nemi izininsa, shi kuma ya nemo mini na Inna, na saka hirar gaba ɗaya ba tare da na cire ko numfashi ba. Kafin in saka na faɗa da bakina cewa ni na yanke ta a karon farko, na zalunci bawan Allah, ina neman gafararsa da ta masu sauraro. Ban taɓa jin situdiyo ya yi mini girma irin na ranar ba. Sannan na sauka daga shugabanci, Dije ta karɓa. Ina nan a ƙungiyar kamar kowa, ranar Asabar ina ɗaura ɗankwali in bi su lungu, amma rikoda tana gida. Duk gidan da ƙungiya ta sa hannu a kansa, wani abokin aikina ne yake yin rahoton, ba ni ba. Ni na riƙe maganar kududdufai da magudanai, inda ba na roƙon kowa komai, tambaya kawai nake yi. A watan jiya an zo an yashe babbar kwatar da ta bi ta bayan gidan Inna, bayan mako biyar ina maimaita maganar kwatar a shirin. Ban sani ba ko shirin ne ya sa, ko takardun Dije, ko duka biyun.

Ba zan ɓoye maka ba, abin yana yi mini ciwo. Wani lokaci muna shiga gida ranar Asabar in ji mace ta faɗi maganar da na san in birni ya ji ta sai an kawo mata ɗauki kafin magariba, hannuna ya tafi jaka ya tarar ba komai. Taimakon da muke samu ma ya ragu tun da na daina kira da muryata. Har yau ban tabbata na yi daidai ta kowace fuska ba. Abin da na sani shi ne ranar da na saka cikakkiyar hirar, mutanen layin teloli sun yi ayari sun je gaishe da Hashim, surukinsa a gaba.

Ɗakin Inna ya tashi. Hashim ne ya lallashe ta ta karɓi kayan, da sharaɗin shi ma sai ya sa hannu a aikin, aka ajiye masa kujera yana tankaɗe yashi da ƙafarsa a miƙe. Da bulo aka yi, aka rufa da kwano, don mun zagaya ba mu sami wanda zai yi rufin azara irin na Baba ba. Waɗanda suka iya sun tsufa ko sun rasu, 'ya'yansu sun koma tuƙin adaidaita. Ranar da ta tare ta aiko a kira ni. Na je ina ɗari-ɗari, ta ce in matso, ta ƙulla mini taliya a leda ta ce in kai wa Yusra. Ba ta tayar da maganar ba, ni ma ban tayar ba. Ta ce ɗakin ya yi kyau, ta gode, sai dai da rana kamar tanda, in ruwa ya sauka kuma ba ta jin maganar wanda yake kusa da ita. Ta ce na Malam shekara ashirin da huɗu ya yi yana tsaye, kuma da ana hawa ana yi masa yaɓe ana gyara indararo duk shekara kamar da, da bai faɗi ba. Sannan ta tambaye ni ina yaron nan mai miƙa tubali, yaushe zai dawo. Na ce mata yaron nan furfura ta fara fito masa. Ta ce ita dai a gaya masa tana gaishe shi.

Maganarta gaskiya ce, Yaya. A cikin ɗakuna sama da arba'in da Dije ta rubuta don baɗi, yawancinsu ba siminti suke buƙata ba, hannun da ya san ƙasa suke buƙata. Muna da matasa masu son aikin, amma ba mai nuna musu yadda ake kwaɓa ƙasa ta kwana, ko yadda ake haɗa makuba don ruwa ya zame. Ilimin yana kan Baba, bakinsa ya ƙi fitar da shi. Rannan na kai masa biyu daga cikinsu, ya yi ta nuni da hannunsa mai lafiya, su suna kallonsa ba su gane ba, har ransa ya ɓaci ya juya musu baya. Kai kaɗai ka tsaya kusa da shi shekara goma sha uku a kan katanga. Na san aikinka a can ba ya barin mutum, na san tafiya da iyali ba ƙaramin abu ba ne, kuma ban manta da wahalar da ta fitar da kai daga garin nan ba. Amma ko wata biyu ne kafin ruwan baɗi, da ka koya wa mutum biyar, su kuma su koya wa wasu, da ɗakuna da yawa sun tsira ba tare da an kai sunan kowa rediyo ba.

Jiya na je gida Sheshe na karanta wa Baba da Umma takardar nan har zuwa nan, don kada in aika da abin da ba su sani ba. Umma tana ta share ido da gefen mayafi. Baba ya saurara har na gama, sannan ya ɗaga hannu alamar in dakata. Ya daɗe yana kokawa da harshensa. Da maganar ta fito, cewa ya yi, batun ginin nan duk dogon zance ne, in rubuta maka kawai cewa yana son ganinka. Ya sa na maimaita masa don ya tabbata na ji daidai. To na rubuta, Yaya. Baba yana son ganinka. Umma ma haka. Ni ma in na cire makuba da azara da ɗakuna arba'in, abin da ya rage ke nan.

Ka gaishe mini da Anti Lauratu da kyau, ka shafa mini kan Nu'uman da Asma'u. Umma tana gaishe ku, ta ba Alhaji Muttaka ƙullin kuka da daddawa da yaji ya kawo muku. Aminu yana gaisuwa, haka Dije, haka Hashim, ya ce ko ba ka tuna shi ba shi yana tuna ka. Allah Ya tsare ku a inda kuke, Ya sada fuskokinmu da alheri tun Baba yana iya fitowa zaure.

Ƙanwarka mai kewarka,
Bahijja.